Kirari a Kan Tangaran: Tsarabar Bukin Sarakunan Turai da Abin da Take Ɓoyewa

A shekarar 2016 gidan gwanjo na Christie's da ke birnin Landan ya sayar da wani guntun kek, abin da aka fi sani da gato, a kan fam 1,500. Guntun ya bushe ƙayau, ya shekara 176 a cikin ɗan akwatin kwali, ba kuwa mai hankalin da zai kai shi baka. Abin da ya ba shi daraja guda ne: an yanko shi ne daga kek ɗin bukin Sarauniya Biktoriya ta Ingila da Yarima Albat, waɗanda aka ɗaura wa aure ran 10 ga Fabrairu 1840. Duk sa'ad da irin wannan kaya ya fito fili, faranti ne mai hoton ango da amarya, ko kofin shayi, ko lambar ƙarfe, ko hankici, sai a ji ƴan gwanjo da masu kula da gidajen tarihi da masu shirye-shiryen talabijin sun ɗauki amshi guda: wai ga shaidar irin ƙaunar da talakawan wancan zamani suke yi wa sarakunansu. An maimaita wannan magana har ta zama hadda, ba mai tambayar inda ta samo asali. Lokaci ya yi da za a tsayar da ita a kwance mata kaya.

Bahaushe ya san kirari, ya kuma san farashinsa. A fadar Damagaram, ko ta Katsinar Maraɗi, ko ta Gobir, in makaɗi ya wasa sarki, kowa ya san daga taskar wa riga da doki za su fito. Saboda haka ba wanda ke ɗaukar waƙar fada a matsayin ƙuri'ar jama'a. Abin da masarautun Turai suka dace da shi a ƙarni na 19 ya fi wannan arha nesa ba kusa ba. Injin ɗab'i da matoyar tangaran da kyamara sun ba su maroƙin da ba ya cin tuwon fada. Talaka ne ke sayen sa da kuɗin guminsa, ya kai shi ɗakinsa, ya ɗora shi bisa kanta, ƴaƴansa su tashi suna kallon sa safe da maraice. Tsarabar bukin sarauta kirari ce, wanda kuwa ya karanta kirari a matsayin tarihi, kallon kitse yake yi wa rogo.

Gadon da ke rawa

Mai son fahimtar farantin 1840 sai ya fara duba halin da gadon sarautar Ingila yake ciki sa'ad da aka gasa shi. Sarki Joji na Uku ya rasu a 1820 makaho, ba kuma cikin hayyacinsa ba. Ɗansa Joji na Huɗu ya yi suna wajen almubazzaranci da cin bashi. A 1820 ya kai ƙarar matarsa Karolin gaban majalisar manyan ƙasa yana neman rabuwa da ita, mutanen gari suka goyi bayanta, ran naɗinsa kuma a Yuli 1821 aka rufe mata ƙofar majami'ar Westminster tana tsaye. Ƙanensa Wiliyam na Huɗu ya haifi ƴaƴa goma da wata ƴar wasan kwaikwayo ba tare da aure ba. Biktoriya ta gaje shi a 1837 tana da shekara 18, aka yi mata maraba, amma marabar ba ta yi nisa ba. A Mayu 1839 ta ƙi sauya matan da ke hidimar ɗakinta kamar yadda Robert Peel ya nema, abin da ya hana shi kafa gwamnati. A cikin shekarar ne aka yaɗa a fada cewa wata daga cikin matan fadar, Flora Hastings, ta yi cikin shege, alhali ciwon hanta ne ya kumbura ta, shi ne kuma ajalinta a Yuli. Sai da aka yi wa Sarauniya tsaki a filin sukuwa na Ascot.

A wajen fada lamarin ya fi muni. Dokar zaɓe ta 1832 ta bar wajen huɗu cikin biyar na maza baligai ba su da ƙuri'a, mata kuwa ba a ma zancensu. Ma'aikata ƴan gwagwarmayar Chartist suka tara sa hannun mutum sama da miliyan guda suna neman ƙuri'a ga kowane namiji baligi, majalisa ta yi watsi da takardar a Yuli 1839. Ran 4 ga Nuwamba dubban ma'aikatan gawayi da na ƙarfe suka shiga garin Newport a yankin Wels, soja suka buɗe wuta, kimanin 20 suka faɗi matattu. A Janairu 1840 aka yanke wa John Frost da abokansa biyu hukuncin kisa, sai ƴan kwanaki kafin buki aka mayar da hukuncin kora ta har abada zuwa tsibirin Tasmaniya. Angon kansa bai samu karɓuwa ba. Gwamnati ta nema masa fam 50,000 a shekara, majalisa ta rage zuwa 30,000, a tituna kuwa ana yi masa waƙar zambo cewa matalaucin yarima ne da ya zo daga Jamus neman abin sa wa baka.

Ko guda daga cikin waɗannan al'amura bai hau farantin ba. Abin da ya hau shi ne fuskokin matasa biyu ƴan shekara 20, kewaye da furanni.

Farar riga da hoton da ba a ɗauka ba

Biktoriya ba ta shiga ƴar majami'ar fadar St James da jan alkyabbar mulki ba. Ta sa farar rigar alharini da aka saƙa a unguwar Spitalfields ta Landan, da leshin hannu daga yankin Devon, a kanta kuma furen lemo maimakon kambi. A cikin alkawarin aure ta bar kalmar biyayya ga miji, ita da ƙasa duka ke wa mubaya'a. Wannan dabara ce babba. Matar da ke riƙe da gadon da ake ƙorafi a kansa ta fito a matsayin amarya kamar kowace amarya, kuma ba a yin gardamar siyasa da amarya ran bukinta. Masu kare al'amarin sukan ce ai ta zaɓi kayan gida ne don ta taimaki masaƙan ƙasarta. Gaskiya ne mata wajen 200 sun samu aikin watanni a kan leshin. Amma da aka gama sai aka lalata zanen don kada wata mace ta samu irinsa. Masaƙan Spitalfields kuwa sun ci gaba da tsiyacewa, har yarjejeniyar ciniki da Faransa ta 1860 ta buɗe wa alharinin Faransa ƙofa, sana'ar ta durƙushe. Rigar ta yi wa sarauta aiki na shekara da shekaru, har yau ana kwaikwayon ta daga Landan zuwa Yamai. Masu saƙar ta, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsarabar ma hawa-hawa ce, daidai da matsayin mai karɓa. Ƙawayen amarya 12, dukansu ƴaƴan manyan ƙasa, kowace ta samu fil na ƙirji mai siffar gaggafa wanda Albat ya tsara, an jera masa duwatsu masu daraja. Manyan baƙi sun tafi da guntun kek a akwati, daga kek ɗin da ya kai wajen kilo 136. Mai matsakaicin hali ya sayi lambar farin ƙarfe ko butar shayi. Talaka ya sayi takarda mai hoto ta kwabo. Na sama kyauta aka ba su, na ƙasa su suka biya.

Abin da talakan ya saya ɗin ma, ba abin da ya faru ba ne. A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, kuma babu hoton kyamara ko guda na wannan buki. Babban zanen da George Hayter ya yi na ɗaurin auren sai a 1842 aka gama shi, bayan manyan baƙi sun yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya ana zana su, aka tsara kowa a inda ya dace da ido. Hotunan da ke yawo a intanet da sunan hotunan bukin, Roger Fenton ne ya ɗauke su a 1854, shekara 14 bayan aure, cikin tufafin zaman fada. Zanen Franz Xaver Winterhalter mai nuna Biktoriya da lulluɓin amarci na 1847 ne, lokacin tana uwar ƴaƴa biyar. Wannan ba baƙon abu ba ne a sana'ar. A zanen da Jacques-Louis David ya yi na naɗin Napoliyon na Ɗaya, wanda aka yi ran 2 ga Disamba 1804, mahaifiyar sarkin tana zaune a wuri mafi girma tana kallo, alhali kuwa ba ta halarci naɗin ba. Mai zanen fada yana rubuta abin da ya kamata a tuna ne, ko ya auku ko bai auku ba.

Bayan mutum-mutumi

A cikin dukan kayan tunawa na zamanin babu wanda ya shiga gidajen talakawa kamar ƴan mutum-mutumin tangaran na yankin Staffordshire. Akan yi su biyu-biyu, Sarauniya da mijinta, a ajiye su a kantar da ke bisa murhun ɗumama ɗaki. Gabansu ya sha launi da ruwan zinari. Bayansu kuwa shafe yake, fari fat, domin bango zai jingina, ba mai ganin sa. Ba ruwan mai ginin da kama: mazubi guda kan fitar da mutane dabam-dabam, a sauya suna kawai a gindi, har akwai siffar Benjamin Franklin da aka rubuta wa sunan Washington aka kai kasuwa.

In aka juya mutum-mutumin, a nan tarihin yake. A farkon shekarun 1840 hukumar binciken aikin ƙananan yara ta aika likita Samuel Scriven masana'antun tangaran na Staffordshire. Ya tarar da yara, wasu ba su kai shekara goma ba, suna gudu da mazubi tsakanin maginin da ɗakin busarwa mai zafin tsiya tun asuba har dare, a kan ƴan sulalla a sati. Ya tarar da masu tsoma kaya cikin ruwan ƙyalli mai dalma, gubar tana shanye musu hannu. Sai a 1864 dokar masana'antu ta shafi wannan sana'a. Watau shekara 24 bayan bukin, ƙyallin da ke kan kumatun Sarauniya daga hannun yaron da doka ba ta san da zamansa ba yake fitowa. Katin bayanin da gidajen tarihi ke ajiyewa gaban irin waɗannan kaya yakan faɗi tsawo da launi da shekara. Da wuya ya ambaci yaron.

A jera ranaku kusa da juna, a gani. Ran 2 ga Mayu 1842 aka kai wa majalisa takardar Chartist ta biyu mai sa hannun mutum sama da miliyan 3, ta sake ƙi. Ran 12 ga Mayu aka yi gagarumar liyafar rawa a fadar Buckingham, Sarauniya da mijinta cikin shigar sarakunan ƙarni na 14. Ran 14 ga Mayu jaridar Illustrated London News ta fito karo na farko, da zane-zanen liyafar. A Agusta yajin aiki ya game arewa da tsakiyar Ingila, a garin Burslem, cibiyar tangaran, soja suka harbi taron ma'aikata, daga baya aka kori gomomi zuwa Ostireliya.

A 1846 Winterhalter ya zana iyalin sarauta: uwa da uba a kujerun alfarma, ƴaƴa biyar suna wasa, ga tebur shaƙe da ƴaƴan itace. A 1847 aka baje shi ga jama'a a fadar St James, mutane suka yi tururuwa. Ita ce shekara mafi baƙi a yunwar Ailan, wadda ta kashe wajen mutum miliyan guda daga cikin talakawan wannan Sarauniya, ta kori wasu miliyan guda ko fiye. Biktoriya ta ba da gudummawar fam 2,000, kada a tauye mata. Sai dai fam 3,000 aka biya William Powell Frith don ya zana bukin ɗanta.

Wannan bukin, na magajin gado Albat Edwad da Gimbiya Alekzandira ta Danmak, an yi shi ran 10 ga Maris 1863 a Windsor, kuma tsarabarsa ta ninka ta 1840, domin yanzu ga jirgin ƙasa, ga jaridu masu hoto, ga kyamara. A daidai lokacin masaƙun Lancashire suna tsaye saboda yaƙin basasar Amurka ya yanke auduga, dubban ɗaruruwan ma'aikata suna rayuwa da sadaka. Kwana goma bayan buki tarzoma ta ɓarke a Stalybridge, sa'ad da aka ce za a rage musu tallafi a kuma riƙa ba su takardar karɓar abinci maimakon kuɗi. Sai da aka kawo sojan doki. Ba a gasa kofi don tunawa da wannan rana ba.

Hujjojin masu kare tsaraba

Za a ce ba wanda aka tilasta wa saye, kuma ƴan kasuwa ne suka yi kayan, fada ba ta da matoya. Haka ne. Amma in saye shaidar ƙauna ne, to sai a yarda cewa mutanen Ingila sun ƙaunaci masu kisan kai, domin maginan Staffordshire ɗin nan sun yi mutum-mutumin James Rush da na Manning da matarsa, waɗanda aka rataye a 1849, suka kuma sayar da su a kasuwa guda da na Sarauniya. Sun yi na ƴan dambe, sun yi na Garibaldi, a 1820 kuma sun yi kofuna masu hoton Karolin waɗanda sayen su tsokanar sarki ne. Ɗan kasuwa sunan da ke bakin mutane yake bi. Abin da ciniki ke nunawa shi ne wa aka sani, ba ya nuna wa ake so.

Cewa kuma fada ba ta da hannu, wannan ma akwai gyara. Ita ke ba da izinin kwafar manyan zane-zanenta a buga su dubu-dubu. A 1860 ta yarda John Mayall ya sayar da ƙananan hotunan iyalin sarauta manne a kati, masu girman tafin hannu, inda Sarauniya ta fito cikin tufafin matar gida ba kambi. Da wani mai suna William Strange ya yi niyyar baje wasu ƴan zane-zane da Biktoriya da Albat suka yi da hannunsu don nishaɗin cikin gida, Albat ya kai shi kotu, ya kuma yi nasara a 1849. Fada ta san sarai hoton da take so ya fita da wanda take so ya tsaya.

Za a ce duk da haka akwai ƙauna ta gaskiya. Akwai, ba mai musu. Da Albat ya rasu ran 14 ga Disamba 1861, kamfanin Marion ya samu buƙatar katin hotonsa 70,000 cikin sati guda, kuma ba ɗan sanda ya tura masu saye ba. Matsalar ita ce shaidar da ta rage gefe guda take. Wanda ya saya ya bar faranti, jikokinsa suka gada, ya ƙare a gidan tarihi. Wanda ya ƙi saye, da wanda ba shi da kwabon saye, da wanda ya tofa yawu da ya ga ayarin, ba su bar kome a kanta ba. Amma sun wanzu. A 1871, da majalisa za ta ba Gimbiya Luwiza fam 30,000 na aure da fam 6,000 a kowace shekara, an yi tarurrukan ƙin amincewa a garuruwan ma'aikata, ƙungiyoyin neman jamhuriya suka yi ta tsirowa, a Nuwamba kuma ɗan majalisa Charles Dilke ya fito fili a Newcastle ya tuhumi kuɗin da sarauta ke ci. Farantin bukin Luwiza yana nan ana gwanjon sa, ihun taron kuwa iska ta tafi da shi. Mai ƙidayar faranti zai ce kowa ya yi murna.

Masu mulkin zamanin ba su yaudari kansu ba. Walter Bagehot, editan mujallar The Economist, a littafinsa na 1867 kan tsarin mulkin Ingila ya raba mulki gida biyu: ɓangaren da ke jawo girmamawa, da ɓangaren da ke gudanar da aiki. Bai ɓoye ra'ayinsa ba cewa yawancin jama'a ba za su gane na biyun ba, don haka na farkon yana da amfani wajen riƙe zukatansu, ya kuma kawo auren yarima misali. Abin da mai goyon bayan tsarin ya faɗa ba kunya shekara 150 da wani abu da suka wuce, shi ne masu gwanjo ke rufewa yau da zancen ƙauna.

Darasin Faransa

Hujja ta ƙarshe ita ce wai duk wannan wasan yara ne, kofi da hankici ba sa kafa mulki. Gwamnatocin Faransa ba su ɗauke shi wasa ba. A 1831 an gurfanar da Charles Philipon, wanda ya mayar da fuskar Sarki Louis-Philippe ɗan itacen fiya. A 1832 Honoré Daumier ya yi wata shida a kurkuku saboda zanen ba'a guda. A Satumba 1835 aka kafa dokar da ta hana fitar da kowane zane ko lamba sai da izini. Hukumar da ke ɗaure mutum a kan zane ta san nauyin zane.

Louis-Napoléon ya yi juyin mulki ran 2 ga Disamba 1851, aka kama dubbai, aka kori da yawa zuwa Aljeriya da Giyana. A Fabrairu 1852 ya maido da dokar izinin zane. Ya zama Napoliyon na Uku a Disamba, ran 30 ga Janairu 1853 kuma ya auri Eugénie de Montijo a majami'ar Notre-Dame. Lambobi da hotunan bukin sun cika ƙasa, a ƙasar da ba a iya buga akasinsu. Hukumar birnin Faris ta ware faran 600,000 don saya wa amarya sarƙar lu'ulu'u, ita kuma ta ce a gina wa ƴan mata matalauta makaranta da kuɗin. Aikin alheri ne, makarantar ta kuma amfani mutane. Sai dai kuɗin na birni ne, yabon na amarya. A 1855 Winterhalter ɗin dai ya zana ta tsakiyar matan fadarta a cikin lambu, zanen da aka kwafa ba iyaka. Duk da haka, da sojan Jamus suka kama sarkin a Sedan ran 2 ga Satumba 1870, kwana biyu suka ishi Faris ta shelanta jamhuriya, Eugénie ta sulale da taimakon likitan haƙorinta Ba'amurke. A 1887 jamhuriya ta yi gwanjon yawancin kayan ƙawar sarauta.

Wannan ya nuna iyakar kirari. Ba ya ceton sarkin da ya riƙe dukan iko ya kuma faɗi a yaƙi. A Ingila ya yi aiki ne domin sarauta ta sakar wa faraminista da majalisa ragama, ta riƙe fuska. Daga nan fuskar ta zama murfi ga abin da masu ragamar ke yi, a gida da ƙetare.

Kan sarki

A ƙetaren ne labarin ya iso ƙasar Hausa. Wajen 1863 Thomas Jones Barker ya zana Biktoriya a Windsor tana miƙa wa wani basarake baƙar fata Baibul, shi kuwa yana durƙushe. Babu tabbacin an taɓa yin wannan zama, amma an buga zanen an watsa. A Janairu 1877 aka shelanta ta a Delhi a matsayin Sarauniyar Indiya, aka raba wa sarakunan ƙasar tutoci da lambobi, a tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyi. Ran 22 ga Yuni 1897, a bukin cikarta shekara 60 bisa gado, sojojin Hausawa daga rundunonin Ingilishi na Afirka ta Yamma sun yi maci a titunan Landan, jaridu suka zana su a matsayin ado ga daula. Watanni kaɗan kafin nan, a Janairu da Fabrairu, dakarun kamfanin Royal Niger sun ci Bida da Ilori. Angon 1863 kuwa, wanda Frith ya zana kusa da amaryarsa, shi ne Sarki Edwad na Bakwai, da sunansa aka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Harshen Hausa ya adana wannan tarihi a kalma guda. Tun Mayu 1840, wata uku bayan buki, Ingila ta fitar da takardar manna wa wasiƙa ta farko a duniya, ɗauke da kan Biktoriya. Da Ingilishi suka kafa Nijeriya ta Arewa a 1900, kanta ne a kan takardun farko, na ɗanta ya biyo baya. Shi ya sa har yau a kudancin iyaka ake ce wa abin kan sarki, a arewacinta kuwa, inda jamhuriyar Faransa ta mamaye, ake cewa tambur. Iyakar da aka shata a teburin Landan da Faris ta raba har sunan ƴar takarda. Mutumin Kano da ya manna kan sarki a wasiƙarsa bai zaɓi wannan fuska ba, kuma ba mai hankalin da zai ƙidaya tsofaffin ambulan ya ce ga shaidar ƙaunar Kanawa ga Edwad. To don me za a yi wa leburan Burslem wannan lissafi?

Ba a ce a fasa farantan ko a ƙona hotunan ba. Kayan tarihi ne masu amfani, in an san tambayar da za a yi musu: wa ya yi, nawa aka biya shi, me ke faruwa a watan da aka gasa, wane hoto aka hana fita a wannan shekara. Haƙƙin mai kula da gidan tarihi da malamin makaranta da mai shirin talabijin ne su ajiye Newport kusa da kek, Stalybridge kusa da zanen Frith, yaron matoya kusa da mutum-mutumi. Wanda ya nuna gaba ya ɓoye baya ya shiga sahun maroƙa, ko da yana da digiri.

Gargaɗin bai tsaya ga Turai ba. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa an saba ganin atamfa mai fuskar ɗan takara ko ta babban mutum, da kalanda da bokiti da mafici masu hoto da ake rabawa a bukin ƴaƴan masu hali. Mace takan ɗaura zanen don kyauta aka ba ta, ko don yana da kauri, ko don kada a ce ba ta shiga anko ba. Nan da shekara ɗari wani mai bincike zai buɗe tsohuwar adaka ya tarar da shi a ninke, launinsa bai kwanta ba. Farashin buhun hatsi a wannan shekara ba ya jikin zanen, sunan wanda aka tsare a wannan wata ma ba ya jiki. In ba a rubuta su a wani wuri ba, mai binciken zai rubuta abin da ƴan gwanjon Landan ke faɗa yau.